Ƙungiyar mata ta Jami'ar Western Cape a kakar 2024: daga filin makaranta zuwa gasar zakarun Afirka

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Jami'ar Western Cape da ke Afirka ta Kudu, wadda ake kira UWC a taƙaice, ita ce ƙungiyar jami'a ta farko da ta kai matakin ƙarshe na gasar zakarun kulob-kulob na mata ta Afirka. A shekarar 2024 ta yi hakan. A watan Agusta ta ɗauki kofin shiyyar kudancin Afirka a birnin Blantyre na ƙasar Malawi. A Nuwamba kuma ta je Maroko, ta buga wasa uku, ta ci ɗaya, aka doke ta a biyu, ta dawo gida tun daga matakin rukuni. Wannan gasa ita ce dai wadda zakarun matan Nijar ke neman shiga ta ƙofar shiyyar UFOA-B, shi ya sa labarin ya shafi mai bin ƙwallon mata a Yamai ko a Maraɗi.

Jami'ar da ƙungiyarta

Jami'ar tana Bellville, a gefen birnin Cape Town. Gwamnatin wariyar launin fata ce ta buɗe ta a 1960, domin mutanen da dokar wancan zamani ta ware a matsayin ruwa biyu, ba farare ba, ba baƙaƙe ba. Daga baya makarantar ta juya wa masu kafa ta baya, ta zama ɗaya daga cikin sansanonin adawa da wariyar. Desmond Tutu ya daɗe yana uban jami'ar, kuma shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, Danny Jordaan, tsohon ɗalibinta ne. Yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma wannan yana da muhimmanci ga wanda ke son fahimtar ƙungiyar: yarinyar da ta iya ƙwallo, idan ta samu shiga, ta samu wurin karatu da filin atisaye da mai horarwa a harabar makaranta guda.

Mai horar da ƙungiyar a kakar 2024 ita ce Thinasonke Mbuli, wadda kuma take mataimakiyar Desiree Ellis a ƙungiyar matan ƙasar, Banyana Banyana. Wannan riƙon aiki biyu ya sa hanya tsakanin filin jami'ar da tawagar ƙasa ta yi gajarta. Lokacin da Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin nahiyar na mata a Maroko a 2022, bayan ta doke mai masaukin baƙi da ci 2-1, akwai 'yan UWC a cikin tawagar, irin su Bongeka Gamede da Sibulele Holweni da Amogelang Motau. A gasar duniya ta 2023 Gamede da Holweni sun sake tafiya, tare da Fikile Magama. Kafin su akwai Thembi Kgatlana, wadda ta bar UWC ta tafi Houston Dash ta Amurka a 2018, a shekarar da aka zaɓe ta gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka. Ita ce ta ci ƙwallon da ta fitar da Italiya a 2023, ta kai ƙasarta zagaye na biyu a karon farko.

Ƙungiyar tana buga gasa iri biyu, kuma sau da yawa ana haɗa su a baki. Ta farko ita ce gasar jami'o'i, ta ɗalibai zalla, mai ɗaukar 'yan kwanaki, wadda sai mai rajistar karatu da ke cin jarrabawarta ake bari ta shiga. UWC ta ɗauki kofinta a 2021, ta sake ɗauka a 2023. Ta biyu ita ce babbar gasar mata ta ƙasa, wadda aka soma a 2019, mai ƙungiyoyi 16, kowace tana buga wasa 30 gida da waje. A nan ba ruwan kowa da katin ɗalibi, kulob da kulob ne. Tun 2021 gasar ke ɗauke da sunan Hollywoodbets, kamfanin caca na wasanni da ke ɗaukar nauyinta, abin da da wuya ya samu karɓuwa a ƙasar Hausa ko da kuɗin sun yi yawa. UWC ba ita kaɗai ce jami'a a ciki ba. A 2024 akwai ta Johannesburg, da ta Pretoria, da ta fasaha ta Tshwane, da kuma Fort Hare da ta hau a shekarar. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na babbar gasar ƙasar a hannun makarantu yake.

Tafiya ma wani nauyi ce. Daga Cape Town zuwa Johannesburg, inda manyan abokan hamayya suke, kimanin kilomita 1,400 ne ta mota, fiye da ninki biyu na tsakanin Maraɗi da Yamai.

Yadda ta biyu ta samu gurbi

Gasar zakarun mata ta CAF ta soma a 2021. Ƙungiyoyi takwas ne ke zuwa matakin ƙarshe: zakaran ƙasar da ke karɓar baƙi, da mai riƙe da kofi, da kuma guda shida da suka ci gasannin share fage na shiyyoyin nahiyar. A ƙa'ida zakaran kowace ƙasa ne ke shiga share fagen.

UWC ba ta zama zakara ba. A kakar 2023 ta zo ta biyu, a bayan Mamelodi Sundowns, ƙungiyar da ta mamaye gasar ƙasar tun farkonta. Sai dai a Nuwamban wannan shekara Sundowns ta je Kwaddibuwa ta ɗauki kofin Afirka karo na biyu, bayan ta doke SC Casablanca da ci 3-0. Hakan ya ba ta gurbin mai riƙe da kofi kai tsaye a gasar 2024, kujerar Afirka ta Kudu a share fagen shiyya kuwa ta faɗo hannun wadda ke bin ta. Ƙungiyar da ta hana UWC kofin gida ita ce ta buɗe mata ƙofar nahiya.

Blantyre, Agusta 2024

Share fagen shiyyar COSAFA an yi shi a Blantyre a rabin ƙarshe na watan Agusta, ƙungiyoyi takwas a rukuni biyu. UWC ta soma da faɗuwa. Green Buffaloes ta Zambiya, ƙungiyar sojoji wadda ta taɓa ƙwace wannan kofi daga hannun Sundowns a 2022, ita ta doke ta a wasan farko. A irin wannan gasa ta wasa uku a rukuni, wanda ya faɗi a farko ba shi da sauran damar kuskure. 'Yan jami'ar suka doke FC Ongos ta Namibiya, suka doke Herentals Queens ta Zimbabuwe, suka tsallake. A wasan kusa da na ƙarshe suka yi wa Young Buffaloes ta Eswatini ruwan ƙwallaye, 6-0.

Wasan ƙarshe da Gaborone United ta Botswana shi ne ya fi wahala. An tashi kunnen doki 1-1, aka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida. Bugu biyar-biyar na ƙa'ida bai raba su ba, aka shiga na ɗaya bayan ɗaya, inda kowace mai bugu ta san cewa kuskurenta na iya zama ƙarshen tafiyar. Har masu tsaron baya da ba su saba tsayawa a gaban raga ba sai da layi ya zo kansu. UWC ta ci 9-8. Shiyyar gurbi ɗaya tak take da shi, don haka bugu guda ne ya raba mai zuwa Maroko da mai komawa gida.

Maroko, Nuwamba 2024

An buga matakin ƙarshe daga 9 zuwa 23 ga Nuwamba a biranen El Jadida da Kasablanka. Ga ƙungiyar makaranta lokacin bai yi daɗi ba, domin a Afirka ta Kudu shekarar karatu tana ƙarewa ne a Nuwamba, kuma a nan ake jarrabawar ƙarshen shekara. Ƙuri'ar ma ba ta yi mata sauƙi ba. Ta faɗa rukunin A tare da AS FAR ta Rabat, ƙungiyar sojojin Maroko, mai masaukin baƙi kuma zakaran 2022, da TP Mazembe ta Lubumbashi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da Aigles de la Médina ta Senegal.

Ranar 9 ga wata Mazembe ta doke ta 2-0. Ranar 12 ta farfaɗo, ta ci Aigles de la Médina 2-0, nasarar farko da wata ƙungiyar jami'a ta taɓa samu a wannan mataki. A ranar ce kuma AS FAR ta doke Mazembe 3-1, sai teburin ya tsaya haka: AS FAR maki 6, Mazembe da UWC maki 3 kowace, 'yan Senegal ba ko ɗaya. A lissafi ƙofa a buɗe take. A zahiri kuwa UWC na buƙatar ko dai ta doke mai gida da tazara mai faɗi, ko kuma Mazembe ta yi tuntuɓe a gaban ƙungiyar da ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba. Babu wanda ya faru a ciki. Ranar 15 AS FAR ta ci UWC 2-0, Mazembe ta lallasa Aigles 4-0. UWC ta ƙare ta uku da maki 3, ta ci ƙwallo biyu, an zura mata huɗu.

Abin da ya biyo baya ne ya sa ake kallon wannan sakamako da wani ido. Ƙungiyoyi biyun da suka doke ta su ne suka haɗu a wasan ƙarshe a El Jadida ranar 23 ga wata, inda Mazembe ta rama, ta ci AS FAR 1-0 da bugun fenariti na Marlène Kasaj. Mai horar da Mazembe, Lamia Boumehdi, 'yar Maroko ce, a ƙasarta ta ƙwace kofin daga hannun 'yan ƙasarta, kuma a watan Disamba CAF ta zaɓe ta gwarzuwar mai horarwa ta ɓangaren mata. A ɗaya rukunin kuwa Sundowns, mai riƙe da kofi, ita ma tun a rukuni ta fita da maki 3. FC Masar (sunan kulob ɗin ke nan, kuma daga ƙasar Masar ya fito) ta doke ta 1-0, Edo Queens ta Najeriya ta doke ta 2-1. Babbar ƙungiya mai kuɗi da ƙungiyar makaranta, maki ɗaya suka kawo gida.

Akwai wani abu a wasan AS FAR da ya kamata iyaye su sani. A cikin 'yan wasan wannan kulob akwai Nouhaila Benzina, mai tsaron baya, wadda a 2023 ta zama mace ta farko da ta buga gasar duniya ta manya sanye da hijabi. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta halatta rufe kai a fili tun 2014. A dokokin ƙwallo na duniya, maganar cewa sai yarinya ta buɗe kanta kafin ta buga wasan hukuma ta daɗe da wucewa.

Inda ƙarfin yake, da inda ya ƙare

Alƙaluman suna nuna iyaka a fili. A shiyyarta UWC na iya zura shida a wasa ɗaya. A gaban Mazembe da AS FAR ta yi minti 180 ba ta ga raga ba. Ba a yi mata kaca-kaca ba, ci biyu-biyu ne, amma ba ta taɓa su ba ko sau ɗaya. Mazembe tana ɗauko 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban ta biya su albashi. AS FAR ita ce ƙashin bayan tawagar Maroko, kuma rundunar soja ce ke bayanta. 'Yan wasansu ba su da wani aiki da safe sai atisaye.

Matsala ta biyu ita ce riƙe gwanaye. Jami'a tana renon 'yar wasa ne na 'yan shekaru, da zarar ta yi fice sai wani ya zo da kwangila. Gamede ta koma FC Nordsjælland ta Danmak a 2024, Motau kuma ta tafi Tijuana ta Meziko bayan gasar Maroko. Ga ita yarinyar wannan nasara ce, kuma jami'ar ma da haka take tallata kanta. Ga mai horarwa kuwa kowace kaka sabon gini ne.

Duk da haka tsarin yana da abin da kulob ba ya iya bayarwa. Ƙwallon mata a yawancin ƙasashen Afirka ba ta ciyar da mai ita har tsufa, kuma rauni guda a gwiwa ya isa ya tsayar da komai. Wadda ta fita da digiri ba ta fita hannu rabbana ba. A Amurka, inda dokar 1972 ta tilasta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati su daidaita dama tsakanin maza da mata, jami'o'i ne suka zama mahaifar ƙwallon mata baki ɗaya. Michelle Alozie ta Najeriya, wadda ta ci ƙwallon da ta fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar nahiya a Yulin 2025, a jami'o'in Yale da Tennessee ta yi ƙwallonta kafin ta zama ƙwararriya.

Ta ina Nijar ta shigo

Nijar tana shiyyar UFOA-B tare da Najeriya, Gana, Kwaddibuwa, Burkina Faso, Bénin da Togo, kuma da wuya a samu shiyyar da ta fi ta zafi a ƙwallon mata. A share fagen farko, a Abijan a 2021, AS Police ta Yamai ce ta wakilci ƙasar. Ta faɗa rukuni ɗaya da Rivers Angels ta Najeriya da Hasaacas Ladies ta Gana, suka doke ta dukansu, sannan su biyun suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, kamar yadda ya faru da UWC a Maroko. Hasaacas ta ci 3-1, ta wuce har wasan ƙarshe na nahiyar a Alƙahira, inda Sundowns ta doke ta 2-0. A 2024, shekarar UWC, AS GNN ta dakarun Garde Nationale ce ta je Bouaké, ba ta fita daga rukuni ba, Edo Queens ta ɗauki kofin.

Waɗannan ƙungiyoyi biyu duka na Yamai ne, kuma duka na masu kaki ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar mata tana buƙatar wata hukuma mai gindin zama da za ta ba da fili, da mota, da wurin kwana, da kuma wani abin da iyaye za su kalla su ce 'yarsu tana da makoma. A Nijar 'yan sanda da Garde ne suka ɗauki wannan nauyi, kamar yadda sojoji suka ɗauka a Zambiya da Maroko. A Afirka ta Kudu jami'o'i sun ɗauki kaso mai yawa na shi.

Sakamakon tawagar ƙasa yana nuna ƙarancin wuraren da ake renon 'yan wasa. A gasar UFOA-B ta 2019 Najeriya ta doke Nijar 15-0. A share fagen gasar nahiya a Oktoban 2021 Kwaddibuwa ta ci ta 9-0 da 11-0. A Satumban 2023 Tunisiya ta ci ta 7-0 da 5-1. Irin wannan tazara ba a fili ake rufe ta ba, tun daga shekarun da yarinya ta yi tana buga wasan gasa kafin ta kai ashirin ake ƙirga ta.

A jihar Maraɗi kayan aikin ba a rasa su gaba ɗaya ba. Akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wadda aka kafa a 2010. Akwai filin wasa na birnin, wanda CAF ta amince da shi ya karɓi wasannin gasar nahiya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Fabrairun 2019, gasar da Mali ta lashe. Akwai tsoffin kulob na maza irin su Dan Kassawa da Jangorzo, da magoya bayansu. Inda gizo ke saƙa shi ne tun kafin jami'a. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma Maraɗi tana cikin jihohin da abin ya fi yawa. Yarinyar Safo ko ta wani gari a gundumar Madarunfa, wadda take gaban maza a guje a filin lakwal, sai ta tsallake kwaleji, ta tsallake lise, ta ci bak, kafin ƙungiyar jami'a ta ma san da ita, ko da yake daga Safo zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce. Kaɗan ne ke kaiwa can, kuma waɗanda suka kai galibi sun bar ƙwallo shekaru da yawa a baya. UWC ta tarar da 'yan matan da suka taso cikin gasannin larduna da na makarantu, zaɓe kawai take yi. Jami'a a Maraɗi sai ta sauka ƙasa ta haɗa hannu da kwalejoji da lise-lise kafin ta samu waɗanda za ta zaɓa.

Ta fuskar doka hanyar ɗaya ce ga kowa. Gasar ɗalibai ba ta kai ƙungiya gasar CAF. Dole ta yi rajista a ƙarƙashin FENIFOOT a matsayin kulob, ta shiga gasar ƙasa, ta zama zakara, sannan ta fuskanci 'yan Najeriya da Gana da Kwaddibuwa a share fage. Akwai kuma wata ƙofa da ƙa'idojin lasisin kulob na CAF suka buɗe: kulob ɗin maza da ke son shiga gasannin nahiya sai yana da ƙungiyar mata, ko dai tasa ta kansa, ko wadda ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da masu ita. Ke nan duk kulob ɗin mazan Nijar da ya samu tikitin Afirka yana buƙatar abokiyar haɗin gwiwa, kuma makarantar da ke da fili da ɗakunan kwana da ɗalibai mata tana da abin da za ta ajiye a kan tebur a irin wannan ciniki.